Abin da ya kamata ku sani: me ke sa wata na'ura ta yi sauƙin aiki, wata kuma ta gagari mutum?

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan saman Amurka sun yi fama da wani irin haɗari mai ɗaure kai. Matuƙin jirgin yaƙi ƙirar B-17 zai je fagen daga ya dawo lafiya, ya sauko da jirgi har tayoyi su taɓa ƙasa, sai kawai a ga tayoyin sun naɗe sun koma ciki, jirgi ya zube a kan cikinsa yana gurzar titi. Ba abokan gaba suka harbe shi ba, inji ma lafiyarsa lau. Duk rahoton da aka rubuta magana ɗaya yake yi: kuskuren matuƙi. A 1943 aka ɗora wa wani matashin hafsa masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, aikin gano dalili. Da ya shiga wurin tuƙin sai ya tarar da maɓallai biyu kafaɗa da kafaɗa, kamarsu ɗaya, girmansu ɗaya. Ɗaya na naɗe tayoyi ne, ɗayan na ɗage ɓangaren fiffiken da ke rage wa jirgi gudu wajen sauka. Mutumin da ya shafe sa'o'i a sama, ga gajiya, ga idonsa a kan titi, hannu kawai yake miƙawa. Chapanis bai ce a ƙara wa matuƙa horo ba, bai kuma ce a hukunta kowa ba. Ya sa aka liƙa 'yar taya ta roba a kan maɓallin tayoyi, aka sa wani abu mai siffar fiffike a kan ɗayan. Hannu ya riƙa gane abin da ya kama tun ido bai duba ba, haɗarin kuwa ya kau. Har yau, a manyan jirage, hannun sauke tayoyi kansa kan taya ne.

Duk na'urar da mutum ke aiki da ita tana da sashen da ke fuskantarsa: maɓallan da yake latsawa, rubutun da yake karantawa, fitilun da ke kunnuwa, ƙarar da yake ji, allon da yake shafawa. Wannan ita ce fuskar na'ura, kuma ta nan kaɗai suke fahimtar juna. Sitiyari da burki da agogon mota fuska ce. Jerin zaɓin da ke fitowa in ka danna lambar bankinka a ƙaramar waya fuska ce. Takardar ƙuri'a ma fuska ce, ko da yake babu lantarki a jikinta. Abin da ke can ciki, inji ne ko lissafin kwamfuta, mai amfani ba ya ganinsa. Abin da idonsa ya gani, hannunsa ya taɓa, shi ne na'urar a wurinsa.

A layin ATM ba wuya ka ji dattijo ya juya ya ce wa yaron da ke bayansa, "Ɗana, don Allah cire min, ni ban iya waɗannan abubuwan naku ba." Ya miƙa kati, ya raɗa masa lambar sirri, yana jin nauyi kamar shi ya yi laifi. Mun riga mun ɗauka cewa duk wanda na'ura ta gagara, to bai yi boko ba ne, ko kansa ba ya ja. To, ga labarin waɗanda suka yi bokon. Ranar 11 ga Agustan 2020, ma'aikatan Citibank sun tashi biyan kuɗin ruwa na kimanin dala miliyan 7.8 a madadin kamfanin kayan kwalliya na Revlon. Sai suka tura kusan dala miliyan 900, har da uwar bashin, daga aljihun bankin. Mutum uku ne suka duba allon suka amince. Manhajar tana buƙatar a cika gurabe uku kafin uwar kuɗin ta tsaya a gida, su kuwa gurbi ɗaya suka cika, wanda sunansa ya fi kama da abin da suke nufi. Gargaɗi ya fito cewa kuɗi za su fita daga banki, amma bai faɗi nawa ba. Wasu daga cikin waɗanda kuɗin suka faɗa wa suka ƙi mayar da kimanin dala miliyan 500, aka yi ta shari'a har 2022 kafin kotun ɗaukaka ƙara ta ba bankin gaskiya. Idan ƙwararru uku za su kalli allo ɗaya su fahimce shi a baibai, to allon ne ya kamata a tuhuma. Haka abin yake a wurin dattijon nan.

Mutumin da ya fi kowa yayata wannan magana shi ne Don Norman, wani masani Ba'amurke da ya fitar da littafi a 1988 a kan ƙirar kayan amfanin yau da kullum. Babban misalinsa ƙofa ce. Ka zo shiga banki ko otal, ga ƙofar gilashi da dogon mariƙi, sai ka ja, ta ƙi, ka sake ja da ƙarfi, sannan mai gadi ya ce maka turawa ake yi. Mariƙi kiran ja yake yi. Da faffaɗan ƙarfe aka liƙa a wurin, babu abin da hannu zai yi sai turawa. Ƙofar da sai an rubuta mata "tura" a jiki, tun daga wurin maƙeri aka samu matsala. Ku dubi buta: ba wanda ya taɓa neman takardar bayani kafin ya yi alwala da ita, domin mariƙinta ya nuna inda za a kama, bakinta ya nuna inda ruwa zai fito. A bangon littafin Norman akwai hoton wata butar kofi da mai zane Bafaranshe Jacques Carelman ya ƙirƙira don raha, mariƙi da baki duk a gefe guda, mai tsiyayawa hannunsa zai ƙona. Da yawa daga cikin manhajojin da ke wayoyinmu 'yan uwan wannan butar ne.

A allon waya abin ya fi wuya, don gilashi ne sumul, ba mariƙi ba baki. Sai mai ƙira ya sa abin latsawa ya yi kama da abin latsawa, in ba haka ba mutum ya yi ta lalube. Ƙananan alamomin da ake sawa a madadin rubutu ma ba kowa ke karanta su ba. Alamar adana aiki a kwamfuta hoton wani faifai ne mai kusurwa huɗu wanda kamfanin Sony ya daina ƙerawa tun 2011. Akasarin masu latsa ta yau ba su taɓa riƙe shi ba. Layuka ukun nan da ke kusurwar allo, waɗanda ke ɓoye jerin zaɓi, sun samo asali daga kwamfutar Xerox Star ta 1981, kuma babu abin da ke jikinsu da zai gaya wa sabon shiga cewa akwai wani abu a ƙarƙashi. Wanda ya sani, an nuna masa ne. Alama tare da kalma ɗaya a ƙasanta ta fi alama tsurarta, ko da masu ƙira na ganin rubutu yana ɓata musu ado. Mafi muni shi ne aikin da sai ka danne ka riƙe, ko ka ja yatsa hagu, alhali ba a nuna ko'ina ba. Wannan ilimi ne da sai a bakin wani.

Bayan na'ura ta nuna abin da za a yi, wajibi ne ta faɗi abin da ya faru, kuma ta faɗi gaskiya. Ranar 28 ga Maris 1979, a tashar lantarki ta nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Fensilbaniya, wani bawul ya buɗe don rage matsin tururi, sai ya maƙale bai koma ba. A ɗakin sarrafawa akwai fitilar da ma'aikata suka ɗauka tana nuna ko bawul ɗin a rufe yake. Ashe abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa. An aika umarni, fitila ta ce lafiya, ruwan sanyaya tukunyar nukiliya kuwa yana ta zuba har sama da sa'o'i biyu. A mintunan farko ƙararrawa fiye da ɗari ta tashi lokaci guda, babu mai iya tantance wadda ta fi muhimmanci. Wajen rabin cikin tukunyar ya narke. Norman na cikin waɗanda aka kira su duba ɗakin daga baya, abin da suka gani kuwa shi ne an tsara shi kamar da gangan ake so a yi kuskure.

Irin wannan fitilar muna haɗuwa da ita kullum a rumfar mai POS. An sa kati, an danna lambar sirri, alat ya shigo wayar mai kati cewa an cire, takarda kuma ta fito ta ce ciniki bai yiwu ba. Sai a hau musu tsakanin mutum biyu da babu wanda ya cuci wani a cikinsu. Sau da yawa abin da na'urar ke bugowa lamba ce da guntun Turanci: 51 na nufin kuɗin asusun ba su kai ba, 55 an yi kuskuren lambar sirri, 91 kuma ba a samu bankin mai katin ba. An rubuta waɗannan ne don injiniyoyi. Abin da mai kati ke son ji abu uku ne: kuɗina sun fita ko ba su fita ba, in sun fita yaushe za su dawo, yanzu kuma me zan yi. Saƙon da bai amsa waɗannan ba bai yi aikinsa ba. Ku kwatanta da 'yan alamomin da ke gefen saƙo a WhatsApp: ɗaya, ya bar wayarka, biyu, ya isa, sun koma shuɗi, an buɗe. Ko wanda bai iya karatu ba ya san bambancinsu, kuma bai taɓa shiga aji a kansu ba.

Lokaci ma magana ne. Masu bincike sun daɗe da auna haƙurin ɗan Adam a gaban na'ura: amsar da ta zo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ji ake kamar nan take ne, zuwa daƙiƙa ɗaya tunani bai katse ba, in aka haura daƙiƙa goma hankali ya tafi wani wuri. A inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ba kullum mai manhaja zai iya ba ka sauri ba, amma zai iya cewa "ana aikawa, kada ka sake latsawa", ya kuma kulle maɓallin. Rashin wannan 'yar magana ne ke sa mutum ya latsa sau biyu, kuɗi su tafi sau biyu.

Akwai kuma yadda aka jera abubuwa, a nan kuwa babu misalin da ya kai zaɓen shugaban Amurka na 2000. A gundumar Palm Beach ta jihar Fulorida tsofaffi sun yi yawa, don haka jami'ar zaɓen ta so a ƙara girman rubutu a takardar ƙuri'a. Niyya mai kyau. Sunayen 'yan takara suka ƙi shiga shafi ɗaya, sai aka raba su hagu da dama, aka jera ramukan hudawa a layi ɗaya a tsakiya. George Bush ne na farko a hagu, rami na farko nasa ne. Al Gore ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne, domin na biyun na Pat Buchanan ne, wanda sunansa ke shafin dama. Mai son Gore ya ga sunansa na biyu, ya huda rami na biyu. Buchanan ya tashi da ƙuri'a 3,407 a gundumar da ba shi da wani ƙarfi, har shi da bakinsa ya ce yana jin da yawansu ba shi aka nufa ba. Wasu sun gane kuskurensu suka huda rami na uku a kan na biyu, ƙuri'ar ta lalace; kimanin takardu 19,000 aka soke a gundumar saboda huda fiye da ɗaya. Bush ya ci Fulorida da ratar ƙuri'a 537, da ita kuma ya ci kujerar. Binciken da wasu malaman jami'a suka wallafa a 2001 ya ƙiyasta cewa sama da mutum 2,000 da suka yi nufin Gore Buchanan suka zaɓa. Ba a saci akwati ba, ba a sayi kowa ba. Layin ramuka ne bai dace da layin sunaye ba.

Takardar ƙuri'armu ta Najeriya ta dogara ne da alamar jam'iyya da dangwala yatsa, dabara ce mai kyau a ƙasar da ba kowa ke karatu ba. Amma a 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, takarda ta yi tsawo, gurabe suka matse, ga alamomi da gajerun sunaye masu kama da juna. Ƙuri'un da aka soke a zaɓen sun haura miliyan 1.2. Ba duka za a ɗora wa takarda ba, amma babban yatsa da tawada a ƙaramin gurbi ba sa rasa tsallakawa. Tun 1952 wani masani ɗan Ingila, William Hick, ya nuna cewa yawan zaɓi yana ƙara tsawon lokacin yanke shawara. A 2023 'yan takarar sun dawo 18.

Ƙwaƙwalwar mutum ba ta riƙe abu da yawa a lokaci guda. Wani masani, George Miller, ya ce a 1956 kimanin abu bakwai ne, masu bincike da suka biyo baya suka ce wajen huɗu ne ma. Shi ya sa lambobi 20 na katin mitar wuta ke zuwa huɗu-huɗu, shi ya sa in za ka faɗa wa wani lambar wayarka kake datsa ta gida uku. Manhajar da ta jera maka lambobi goma sha ɗaya a manne, ko ta nuna maka lamba a wani shafi ta ce ka rubuta ta a wani, ta ɗora maka kayan da ita ya kamata ta ɗauka. Gane abu in an gan shi ya fi tuno shi sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan ne sirrin sauyin da aka samu daga tsofaffin kwamfutoci, inda sai ka haddace umarni ka rubuta, zuwa masu hotuna da linzami, waɗanda aka fara a cibiyar binciken Xerox a shekarun 1970, kwamfutar Macintosh ta yaɗa su a kasuwa daga 1984. Tura kuɗi ta lambobin tauraro da ake dannawa a ƙaramar waya ya mayar da mu zamanin hadda: riƙe lambar banki, riƙe lambar asusu, ka kuma yi sauri kafin layin ya yanke ka koma farko. Duk da haka ba zan kushe shi ba. Yana aiki a kowace irin waya, ba ya neman data, kuma da irin wannan jerin zaɓi na rubutu zalla tsarin tura kuɗi na M-Pesa ya fara a Kenya a 2007 har ya game ƙasar. Kyan fuska ba a launi yake ba. Mai tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, da zaɓi kaɗan, ta fi mai ƙyalƙyali da ke neman babbar waya.

Sabo ma jari ne, bai kamata a ɓarnatar da shi ba. Shekaru da yawa mai layi biyu sai ya haddace lambobi iri biyu: duba kuɗi *556# a MTN, *123# a Airtel. A 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe su, *310# duba kuɗi, *311# sa kati, *312# sayen data, a kowane layi. An yi ƙorafi da farko, don an taɓa abin da hannu ya saba, amma gyara ne na sau ɗaya mai amfanin dindindin. Wanda ba shi da uzuri shi ne mai manhajar da duk bayan 'yan watanni sai ya sauya wa maɓallai wuri don a ce an sabunta. Ku ɗauka a ce kowane kamfanin mota shi ke zaɓar inda zai sa burki da totur. (Af, ku duba wayarku da kalkuleta: a waya 1, 2, 3 ne a sama, a kalkuleta 7, 8, 9. An ƙera su a gidaje daban-daban, kowa ya kafe a kan nasa, mai shago da ke amfani da duka biyun shi ke biyan kuɗin saɓanin.)

To amma duk yadda aka gyara, mutum ajizi ne, sai ya yi kuskure. A nan ake gane fuskar da aka yi da tausayi. Mafi kyau ita ce wadda ta tare kuskuren tun bai auku ba. Lambar asusun banki ta Najeriya goma ce, ta ƙarshen kuma ana samo ta ne daga lissafin sauran, don na'ura ta iya gane yawancin kuskuren bugawa. Sannan kafin ka sa lambar sirri sai sunan mai asusun ya fito. Wannan layi ɗaya na rubutu ya ceci kuɗin da Allah kaɗai ya san adadinsu. Haka na'urar ATM da ke fara turo kati kafin kuɗi: mutum kuɗi ya zo ɗauka, da sun shiga hannu zuciyarsa ta gama aiki, ƙafa ta kama hanya. In kati ne ke fitowa a ƙarshe, za a yi ta barin sa a baya, komai yawan takardun gargaɗi da aka liƙa a bango.

Na biye da wannan shi ne hanyar komawa. Kwandon shara a kwamfuta, goge saƙo a wurin kowa da WhatsApp ta kawo a 2017, 'yan daƙiƙoƙin da Gmail ke bayarwa, har zuwa 30, don janye wasiƙar da aka aika: duk suna sa mutum ya taɓa abu ba tare da fargaba ba, wanda ba ya fargaba kuwa shi ke saurin koyo. Tambayar nan ta "ka tabbata?" ba ta kai su ba, domin in ana yi maka ita a kan kowane ƙaramin abu, yatsa zai saba da cewa e tun ido bai karanta ba, ranar da tambayar ke da nauyi ma haka zai yi. A jihar Hawai, ranar 13 ga Janairun 2018, wani ma'aikaci ya ɗauki atisaye a matsayin gaske, ya aika wa wayoyin jama'a gargaɗin cewa makami mai linzami na tafe. Tsarin bai nemi amincewar mutum na biyu ba, kuma ba a tanadi saƙon janyewa ba. Sai da aka yi minti 38 mutane na neman maɓoya kafin gyara ya iso wayoyinsu.

Kada a manta da jiki. Wani masani, Paul Fitts, ya nuna a 1954 cewa ƙanƙantar abu da nisansa su ke ƙara wahalar kai hannu gare shi, shi ya sa Google ke ba masu yin manhajar Android shawarar kada abin latsawa ya gaza kimanin milimita 9. Mai ƙira yana zaune a ofis mai sanyi da babban allo. Mai amfani yana tsaye a tasha da tsakar rana, allon wayarsa a tsage, hannu ɗaya riƙe da kaya, rubutu mai ruwan toka a kan fari kuwa ba ya ganuwa a irin ranarmu. Wasu mazan ba sa bambance ja da kore, a Turai kusan ɗaya cikin goma sha biyu, don haka launi shi kaɗai bai isa ya ɗauki saƙo ba. Allon shafawa kansa ba ko'ina ya dace ba. A Agustan 2017 jirgin ruwan yaƙin Amurka USS John S. McCain ya yi karo da wani jirgin dakon mai kusa da Singafo, sojoji 10 suka mutu, bayan matuƙa sun rikice a kan wane allo ne ke riƙe da sitiyari, wane ne ke riƙe da totur. Rundunar sojan ruwan Amurka ta yanke shawarar mayar da hannayen ƙarfe a irin waɗannan jirage.

A ƙasar Hausa, ba na jin akwai maɓallin da ya buɗe wa mutane ƙofa kamar na saƙon murya, wanda WhatsApp ta kawo a 2013: danna, yi magana, saki. Ya ɗauke wa tsohuwa wahalar neman mai rubuta mata, ya ɗauke wa mai ajami wahalar boko, ya ɗauke wa kowa neman ƙ da ɗ da ɓ a madannan da ba a yi su da mu a zuciya ba. A 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 a kullum a duniya. Masu yin manhajojin banki da na asibiti da na gwamnati suna da darasi a nan, amma akasarinsu har yanzu cike fam suke sa mutane.

Sai dai ku sani, sauƙi ba kullum don amfanin mai amfani ake yin sa ba. Masu ƙira sun san duk waɗannan dabaru, kuma ana iya juya su. Shiga da latsawa ɗaya, fita sai an bi ta shafi bayan shafi. Maɓallin "na yarda" ƙato mai launi, na "a'a" ɗan mitsitsi a kusurwa. Akwatin da aka riga aka cika maka. Wani Bature mai suna Harry Brignull ya fara tattara irin waɗannan tarkuna a 2010, a 2023 kuma hukumar kare masu saye ta Amurka ta kai Amazon kotu bisa zargin sauƙaƙa shiga tsarinta na Prime da wahalar da fita. A 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a sasanta. Mu ma mun san saƙon nan da ke faɗowa a allo kana tsakiyar wani abu, yatsa ya taɓa, a fara cire maka kuɗin waƙar kira ko labarin ƙwallo da ba ka nema ba. Yawan koke a kan saƙonnin da ba a nema ba ne ya sa NCC ta kawo lambar 2442 a 2016 don toshe su. Manhajar bashi da ke ba ka kuɗi cikin minti biyu, ta ɓoye kuɗin ruwa a ƙaramin rubutu, ta nemi izinin shiga lambobin wayarka da latsawa ɗaya, ita ma mai sauƙin aiki ce. In kun ga abin da zai ci kuɗinku ya yi sauƙi fiye da kima, ku nemi hanyar fita kafin ku shiga.

Ta yaya ake gane fuska ta yi? Wanda ya ƙera ta ba zai iya faɗa ba, don ya san inda komai yake, idonsa ya daina ganin wahalar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai ɗakin a nan kuwa shi ne mai amfani. Jakob Nielsen, wani masani ɗan Denmak, ya nuna cewa in ka zaunar da mutum biyar ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowa aiki ya yi, kana kallo ba ka sa baki, za ka gano kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin. Ba a tambayarsu ko abin ya yi kyau, don kunya za ta sa su ce ya yi. Hannunsu ake kallo: inda ya tsaya, inda ya koma baya, inda ya latsa abin da ba maɓalli ba. Da an ba tsofaffi biyar takardar Palm Beach su huda kafin a buga ta, da wuya a ce ba a ga matsalar ba.

Don haka ga kira ga matasanmu da ke rubuta manhajoji a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, da hukumomin da ke ba su kwangila. Kafin ku saki aiki, ku ɗauki waya mai arha ku fita rana. Ku miƙa ta ga mai shayi, da direban Adaidaita Sahu, da malamar Islamiyya, da dattijo mai gilashi, da yarinya 'yar sakandare, ku ce kowa ya tura naira ɗari biyar ko ya yi rajista. Ku kama bakinku, kada ku nuna musu komai. Duk inda biyu daga cikinsu suka tsaya, ku koma ku gyara wurin.